Hannun Aro

Ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta a Bonavista.
Teku ya koma launin tsohuwar tasa,
iska na bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai karɓar bashi.
Dusar ƙanƙara ta kai rabin taga,
ta binne kwale-kwalen da na kifa a bayan gida
tun kafin Kirsimeti.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗinkin taru.
Yau ga ni a teburin kicin
da allurar da ba ta kai ƙayar kifi ba,
na kanne ido ɗaya ina farautar kafarta.

Melvina na kusa da murhu.
Yatsunta sun murɗe kamar saiwar itace,
ciwon gaɓoɓi ya ƙwace mata almakashi
amma bai taɓa bakin ba.
"Hedley, ɗinki ne wannan ko shingen awaki?
Kifi ma ya wuce ta tsakani. Warware."
Na warware.
Sau uku na warware kafin ruwan shayi ya tafasa.

Ƙyalle ɗari da ashirin ne a cikin kwali.
Shuɗin nan rigata ce,
ita na sa ranar da aka ce a bar kifi ya huta,
muka tsaya a bakin gaɓa hannu cikin aljihu.
Jan nan labulen mahaifiyarta ne.
Rawayan mai furanni na Dulcie ne
tana 'yar shekara shida, ba haƙoran gaba;
yanzu tana can Alberta tana tuƙa motar da ta fi cocinmu tsayi,
kuma wata huɗu ya rage ta haihu.
Don haka ba a ba ni hutun Lahadi.

Ran Laraba wuta ta ɗauke.
Ambrose Keough ya keto ƙanƙara har gwiwa
da burodi mai ɗumi a cikin kwat,
ya same ni da zare a baki.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Daga nan ya riƙe mini fitila.
Can ya sunkuyo ya ce, "Layin nan ya karkace."
Na ce, naka gidan ma a karkace yake,
ba wanda ya warware shi.

An ce zanen aro ba ya rufe katara.
To hannun aro fa?
Ita ke gani, ni ke sokawa.
Ita ta san inda kore zai zauna bai yi faɗa da ja ba,
ni na san ƙullin da guguwa ba ta kwancewa.
Tsakaninmu an samu tela guda,
mai yawan mita.

Jiya da dare na gano kuskure:
ƙyalle ɗaya, mai hoton jirgin ruwa,
na ɗinke shi kai ƙasa,
can tsakiya, layi bakwai a baya.
Na miƙa hannu ga almakashi.
Ta daɗe tana dubansa ta saman tabarau.
"Bar shi," ta ce.
"Dole yaron ya san wanda ya yi aikin."

Itace ya kusa ƙarewa a ɗakin ajiya,
dankali ya fara tsiro cikin duhu,
mage ta mallake kwalin ƙyallaye.
A waje ƙanƙara na niƙa kanta a bakin dutse,
ƙara kamar ana jan gado a ɗakin sama.

Sanyin daren ya fi ƙarfin barguna biyu,
sai muka ja wanda ba mu gama ba muka ƙara.
Bai kai ƙafafuna ba tukuna.
Wajen asuba wani fil da na manta
ya soke ni a haƙarƙari.
Ban motsa ba.
Tana barci, hannunta a kan jirgin da ya kife.